Nasiha Ga Malamai Da Attajirai Bisa Halin Malaman Jami'a

Yabo da godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan magana ce bisa halin da malaman jami'o'in Nijeriya suke ciki, game da yawansu, da ladan aikinsu, da zamansu lafiya bisa kujerunsu, da kuma irin mutanen da ake ɗauka. Wataƙila alaramma da ke zaune bisa buzunsa ya ce, ina ruwan mai allo da rigimar 'yan boko? Attajiri kuma ya ce, shi da ke Kantin Kwari me ya gama shi da abin da ake yi a Samaru? To, a sani likitan da zai duba idon alaramma in ya tsufa, da alƙalin da zai raba gardama tsakanin attajiri da abokin cinikinsa, da malamin gona da zai faɗi maganin tsutsar da ke cin masara, duk daga hannun malamin jami'a suka fito. Kuma ran da aka rufe makaranta, 'ya'yan malamai da na fatake su ne ke zaman kashe wando a ƙofar gida. Saboda haka abin ya shafi kowa.

Mutanen allo sun riga kowa sanin cewa malami shi ne makaranta. Ba a taɓa jin gardi ya ce ya yi karatu a rumfa kaza ko zaure kaza ba, sai dai ya ce ya ɗauki karatu wurin Gwani wane. Ran da Gwani ya naɗe buzunsa ya tashi, almajirai sai su kwashi allunansu su bi shi, rumfa kuwa ta koma wurin kwanan awaki. Haka al'amarin jami'a yake, ko da an gina ta da bene goma. Wannan ita ce gaskiyar da aka manta da ita a ƙasar nan shekara da shekaru: aka himmatu ga gini, aka yi sakaci da mai karantarwa.

Ga yadda abin ya faro. A 1948 aka buɗe babbar kwaleji a Badun, a 1960 aka buɗe jami'ar Nsukka, sa'an nan a 1962 aka buɗe ta Ife, da ta Ikko, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta soma da ɗalibai 426. Biyar ke nan. A 1975 gwamnatin soja ta ƙara bakwai, cikinsu har da na Sakkwato, da Yerwa, da Jos, da kwalejin Kano wadda ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Daga nan jihohi suka shiga buɗe nasu, a 1999 kuma aka ba masu kuɗi izinin buɗewa. Kafin shekarar 2024 jami'o'in ƙasar nan sun haura 250. Amma fa gini cikin shekara biyu akan gama shi, shi kuwa malamin da ya isa ya karantar a jami'a, daga shigarsa har ya karɓi digirin dakta, sai ya ci shekara goma ko fiye. Wanda ya buɗe shago goma da kayan shago biyu, kowane ɗan kasuwa ya san abin da mai saye zai tarar.

A 2012 gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Mahmud Yakubu don ya zaga jami'o'in gwamnati ya ga abin da ke akwai. Kwamitin ya ƙidaya malamai 37,504 ga ɗalibai fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Cikin malaman nan kashi 43 bisa 100 kaɗai ke da digirin dakta, alhali kuwa shi ne ijazar da ake nema ga cikakken malamin jami'a. Sababbin jami'o'i da yawa da malaman aro suke tafiya, watau waɗanda ake kira malaman ziyara. Sai ka ga shaihun malami guda yana Zariya ran Litinin, yana wani gari ran Laraba, yana wani kuma ran Asabar, karatun wata guda ya dunƙule shi cikin yini biyu. Da wuya karatu irin wannan ya zauna a ƙirji. Sai a watan Agusta na 2025 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta yanke a dakatar da buɗe sababbin manyan makarantun Tarayya har shekara 7. Shawara ce mai kyau, sai dai ta zo bayan ɓarna ta yi nisa.

Sai maganar lada. Malaman fiƙihu sun san cewa Imamu Malik ya halatta karɓar lada bisa karantar da Alƙur'ani. Sun kuma san cewa malaman Hanafiyya na farko sun hana, amma na bayansu suka koma suka halatta, domin sun ga abin da ake ba malamai daga baitulmali ya yanke, suka ji tsoron kada karatu ya tozarta in malami ya bar allo ya tafi neman abinci. Hikimar kuɗin Laraba da sadakar sauka ke nan. Magabata sun gane da ruwan ciki ake jan na rijiya.

To, a auna albashin malamin jami'a da wannan mudu. A 2009 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar malaman jami'o'i, wadda ake kira ASUU, aka yanka musu albashi, aka kuma yi alkawarin za a riƙa sake duba shi bayan kowace shekara uku. Aka wuce shekara goma sha uku ba a cika wannan alkawari ba. Shaihun malami da ya kai ƙololuwar mataki, abin da yakan kai gida a shekarun nan bai kai naira 500,000 a wata ba. A 2009 dala ɗaya tana wajen naira 150, watau albashin nan ya kusa dala 3,000. A 2024 dala ta haura naira 1,500, ko da ƙarin kashi 35 bisa 100 da aka yi wa shaihunan malamai, albashin bai kai dala 500 ba. Wanda bai saba da lissafin dala ba ya yi da shinkafa: buhun da ake saye ƙasa da naira 10,000 a 2009 ya wuce naira 70,000 a 2024. Albashin da ke sayen buhu fiye da arba'in ya koma ba ya sayen goma. In wannan shi ne halin babba, ina ga ƙaramin malami da ya soma aiki jiya? Kowane falke ya san uwar kuɗin da aka binne a tukunya ba a juya ta, adadinta yana nan amma albarkarta ta tafi. Duk ƙarin da aka yi, ko wanda za a yi nan gaba, muddin ba a ɗaure shi ga farashin kasuwa ba, haka zai narke.

Ba yau aka fara ba. Tun da aka karya darajar naira a 1986 malamai suka soma ƙaura. Likitoci suka nufi Saudiyya, waɗansu suka tafi Botswana da Afirka ta Kudu, waɗansu Ingila da Amurka. A 1992, zamanin da Attahiru Jega ke shugabancin ƙungiyar malamai, aka yi yajin aikin da ya haifar da harajin ilmi na 1993, watau kashi 2 bisa 100 na ribar kamfanoni, wanda daga baya ya zama asusun TETFund a 2011. Asusun nan ya yi amfani ƙwarai, shi ya gina ɗakunan karatu masu yawa da ake gani a jami'o'i, ya kuma tura malamai ƙaro ilmi. Amma ba a biyan albashi daga cikinsa. Saboda haka sai aka wayi gari akwai hanyar samun kuɗin siminti, ta abincin malami kuwa a toshe. Har ya kai a ƙarshen 2024 asusun ya sanar da dakatar da tura malamai ƙasashen waje, saboda tsadar canji, da kuma yadda waɗansu da aka tura suka ƙi komowa. Ƙin komowa cin amana ne, babu shakka. Amma wanda ke son tattabarunsa su riƙa dawowa akurki, wajibi ne ya zuba musu tsaba.

Mas'ala ta biyu ita ce zaman malami bisa kujerarsa ba da fargaba ba. Sarakunan Barno na da suna da wata takarda da ake kira mahram. In Mai ya ba malami ita, to, an ɗauke masa haraji da fita yaƙi, shi da zuriyarsa, an kuma haramta wa hakimai taɓa jininsa da dukiyarsa. Fa'idar wannan ita ce malami ya sami natsuwar karantarwa, ya kuma iya faɗa wa sarki gaskiya ba ya tsoron a raba shi da gonarsa. Jami'a ma tana da irin nata mahram. In malami ya yi shekarun gwaji aka tabbatar da shi, ba a korarsa sai da laifi bayyananne, bayan an zauna an ji ta bakinsa. Haka Kotun Ƙoli ta yanke a 1985 cikin shari'ar waɗansu shaihunan malamai na Jami'ar Ikko. A 2012 kuma doka ta ba shaihun malami damar zama har ya cika shekara 70.

Amma sau nawa aka keta wannan takarda? A 1988 gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar malamai, a shekarar kuma aka kama Patrick Wilmot, mutumin Jamaika da ya daɗe yana karantarwa a Zariya, aka sa shi jirgi zuwa London. A 1989 aka sallami Dakta Yusufu Bala Usman daga aiki, sai kotu ce ta mai da shi. A 2001 aka kori malamai 49 a Jami'ar Ilori sabili da yajin aiki, ba su sami hakkinsu ba sai 2009 da Kotun Ƙoli ta ce a mai da su, alhali waɗansunsu sun riga sun rasu. Shekara takwas mutum yana jiran hukunci, da iyali, babu albashi. Wanda ya ga haka ya faru ga ɗan'uwansa, gobe in ya ga ɓarna sai ya kama bakinsa. Malamin ziyara kuwa, da mai aikin kwantiragi, ba su da mahram ko kaɗan, 'yan ƙodago ne, yau a kira su gobe a sallame su. Wannan cuta ba ta tsaya ga ƙasar nan ba, ko a Amurka mai arziki, lissafin 2021 ya nuna wajen kashi biyu bisa uku na malaman jami'o'insu ba su da tabbatacciyar kujera. Ba abin koyi ba ne. Mai fatawa da ke jin tsoron mai ba shi tuwo, fatawarsa ba ta da nauyi.

Mas'ala ta uku ita ce wa ake ɗauka. A nan ya kamata malaman zaure su dubi jakar littattafansu. Mai Risala mutumin Ƙairawan ne, mai Ahalari mutumin ƙasar Aljeriya ne, mai Muhtasar mutumin Masar ne, mai Ashafa daga Sabta ya fito, Buhari kuwa daga Buhara. Sibawaihi da ya zama limamin nahawun Larabci Bafarishe ne. Babu wanda ya taɓa tambayar takardar shaidar garinsu kafin ya buɗe littafinsu. Wangarawa sun zo Kano daga Mali zamanin Sarki Yaji, aka karɓe su. Shaihu Magili ya zo daga Tilimsan zamanin Muhammadu Rumfa, sarki ya zauna ya saurare shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taka har Agadas don ya ɗauki karatu wurin Malam Jibrilu. Ko a zamanin Turawa, da aka buɗe makarantar shari'a a Kano a 1934, daga Sudan aka ɗauko malamanta, kuma a hannunsu alƙalai masu yawa na Arewa suka fito.

Bisa wannan turba Sardauna ya kafa jami'ar Zariya. Shi ne ya fi kowa ƙoƙarin sa 'yan Arewa cikin aikin gwamnati, da dalili kuwa, domin an bar Arewa a baya ga boko. Duk da haka shugaban jami'ar na farko, Norman Alexander, mutumin New Zealand ne, wanda ya gaje shi a 1966 kuwa Ishaya Audu ne, likita Kirista ɗan ƙasar Zazzau. Baturen da ya kafa sashen tarihi ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, ya zauna ƙasar nan har ya rasu a 1984. Abdullahi Ɗayyib, babban masanin adabin Larabci na Sudan, ya shugabanci Kwalejin Abdullahi Bayero a tsakiyar shekarun 1960. A lokacin nan ɗalibi yakan ɗauki darasin safe wurin Ba'indiye, na rana wurin Bamisire, na yamma wurin Bayarabe.

Daga baya sai ƙofa ta yi ta ƙuntata. Baƙin ƙasashen waje suka tafi da naira ta karye, ba a kuwa iya kiran waɗansu da irin albashin da aka ambata. 'Yan ƙasa kuma sai kowa ya koma jiharsa. Raba muƙamai tsakanin jihohi, wanda tsarin mulki na 1979 ya zo da shi, yana da hujjarsa, kada wani ɓangare ya cinye rabon wani. Amma abin ya zarce iyaka. In kujerar shugaban jami'a ta faɗi, sai ka ji dattawan gari sun tashi suna cewa lalle sai ɗan ƙasa. In za a ɗauki ƙaramin malami, sai a fara tambayar ƙaramar hukumarsa kafin a dubi ijazarsa. Yaro ya yi digirin farko a garinsu, na biyu da na uku duk nan, wurin malamai guda, sa'an nan a ba shi aji ya maimaita abin da ya ji. Ruwan da ba ya gudana shi ke yin gansakuka.

Haka kuma zancen mata. Kwamitin 2012 ya tarar kashi 17 bisa 100 kaɗai na malaman jami'o'i mata ne. Ƙasar da ta haifi Nana Asma'u, wadda ta riƙa aika jajis ƙauye ƙauye suna karantar da 'yan taru har ta rasu a 1864, bai kamata a ce malama baƙuwa ce cikinta ba. Magidancin da ke so mace ce za ta duba iyalinsa a asibiti, ya sani likita mace ba daga sama take faɗowa ba, sai an bar 'ya'ya mata sun yi karatu har sun zama masu karantarwa.

Adalci kuwa ya hukunta a faɗi na malamai su ma. Yajin aikin 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wata goma sha bakwai ke nan cikin shekara uku. Gwamnati ce ta saɓa alkawari, ta kuma riƙe albashin watannin yajin 2022, sai a 2024 ta biya na wata huɗu. Amma wanda ya fi kowa hasara shi ne ɗan talaka, domin masu hali sun kwashe nasu sun kai jami'o'in kuɗi ko ƙasashen waje. Akwai kuma malaman da ke tilasta wa ɗalibai sayen takardunsu, da masu karɓar albashi wuri uku ba su cika aikin wuri ɗaya ba, da masu neman abin da bai halatta ba daga hannun ɗalibai. Mahram na Barno da sharaɗi aka ba da shi, watau malami ya tsaya ga karatunsa. Ƙungiyar da ke neman a kiyaye hakkinta, ita ya kamata ta fara fitar da ɓata-garin cikinta.

To, mene ne abin yi? Abin da ke kan gwamnati a fili yake: ta cika abin da ta sa wa hannu, ta riƙa duba albashi bisa farashin kasuwa a kan lokaci, kada kuma ta aza tubalin sabuwar jami'a sai ta ƙidaya malaman da za su shiga. Amma jiran gwamnati kaɗai ya daɗe bai biya bukata ba, saboda haka sauran magana ga attajirai take.

Jami'ar Azhar ta Masar, wadda aka gina masallacinta tun 972, ƙarnuka masu yawa da wakafi ta rayu, watau hubusi: gonaki da shaguna da gidaje waɗanda kuɗin hayarsu ke ciyar da malamai da ɗalibai, har da masaukin da aka keɓe wa 'yan Barno. Sarakuna suka zo suka wuce, karatu bai tsaya ba. Turawa ma sun san wannan dabara. A 1632 wani attajirin London mai sayar da yadi, Thomas Adams, ya ba da dukiya don a riƙa biyan malamin Larabci a Jami'ar Kambirij. Shekara kusan 400 ke nan, kujerar tana nan da sunansa, ana naɗa malami bayan malami. Attajiran ƙasar nan ba su yi rowa ba, sun gina masallatai da ɗakunan kwanan ɗalibai, Aliko Ɗangote ya gina makarantar koyon kasuwanci a Jami'ar Bayero wadda aka buɗe a 2018. Allah ya saka musu. Amma gini kan tsufa, kuma ba ya buɗe baki ya yi darasi.

Abin da ake nema shi ne attajiri, ko ƙungiyar 'yan kasuwa guda, 'yan goro ko 'yan hatsi ko 'yan yadi, su tsayar da jerin shaguna ko gidan haya su yi hubusinsa ga kujerar malami ɗaya, na likitanci, ko na fiƙihu, ko na noma, ko na lissafi. A yi shi da ƙasa da gini, domin haya tana tashi tare da kasuwa, takardar naira kuwa tana zagwanyewa. A rubuta shi gaban shaidu, a naɗa amintattu masu kula, ga hukumomin zakka da hubusi nan a Kano da Sakkwato da Zamfara da za su iya shiga tsakani. A sa sharaɗi cewa mai bayarwa ba shi zai zaɓi malami ba, masana fannin su za su zaɓa, kuma ba a tambayar wanda ya cancanta garin ubansa. In aka yi haka, malami ya sami abinci, ya sami mahram, ƙofa kuma ta buɗe ga baƙo mai ilmi ko daga ina ya fito.

Malaman zaure kuwa nasu aikin shi ne bayani, domin su suka san babin hubusi da sharuɗɗansa, su ne kuma attajiri ke zama gabansu in azumi ya zo. Su gaya masa cewa ciyar da mai karantar da likitoci yana cikin sadaka mai gudana, kamar yadda gina rijiya yake. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shaihunan malaman da suka rage suna tsufa, in ba a tanadi magadansu tun yanzu ba, wata rana za a buɗe ƙofar benen nan masu kyau a tarar ba mai ja wa yara baƙi.

Allah ya sa a ji, a kuma yi aiki da abin da aka ji. Allah ya jiƙan malaman da suka rigaya, ya albarkaci dukiyar masu taimakon ilmi, ya zaunar da ƙasa lafiya, amin. Haza wassalamu.